Yadda ake rarrabe siffofi ta fentin cikinsu a gwajin basira

Duk matashin da ya gama sakandare ko ya kammala hidimar ƙasa a Kumasi ya shiga neman aiki, ba zai daɗe ba zai ci karo da gwajin basira. Bankuna na yi, kamfanonin waya na yi, masu ɗaukar aikin damara ma suna da nasu. A irin waɗannan gwaje-gwaje sau da yawa akan saka wani sashe da babu Turanci babu lissafi, zane ne zalla: da'ira, murabba'i, alwatika, kibiya, wasu baƙaƙe, wasu farare, wasu masu ratsi. A ce ka fitar da bare a cikin biyar, ko ka faɗi rukunin da wata siffa za ta shiga, ko ka cike gurbin da aka bari. Yaranmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango sukan wuce lissafin lafiya lau, su zo nan su tsaya cak, don ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake kallon abin.

Gwajin ya daɗe a duniya. A 1938 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, John Raven, ya fitar da nasa mai tambayoyi 60, kashi biyar, kowane kashi 12, suna farawa da sauƙi suna ƙara tsauri. Daga 1942 sojan Birtaniya suka riƙa ba sababbin shiga. Galibin gwajin zanen da ake ba masu neman aiki yau jikokinsa ne. Akwai masu cewa abin a jini yake, ko kana da kai ko ba ka da shi, ni kuwa ban tafi a kan haka ba. James Flynn, wani malamin jami'a a Niyu Zilan, ya nuna cewa samarin Holan da ake gwadawa wajen shiga soja sun ƙaru da kusan maki 20 a ma'aunin basira na IQ tsakanin 1952 da 1982 a gwaji irin na Raven, jinin al'umma kuwa ba ya sauyawa a shekara 30. Yawan makaranta da sabawa da irin waɗannan zane-zane suna cikin dalilan da masana ke kawowa. Abin da sabo ke ƙarawa kuwa ana iya koyonsa.

Zan tsaya kan ɓangare ɗaya, wato abin da aka cika cikin siffa da shi, don a nan aka fi ɓoye amsa.

Da farko, raba zubi da fenti

Kowace siffa a takardar abu biyu ce a haɗe. Akwai zubinta, layin da ya kewaye ta ya mai da ita da'ira ko alwatika. Akwai kuma abin da ke cikinta, wanda zan riƙa kira fenti ko da ratsi ne ko ɗigo. Ido ya fi saurin cafke zubi, saboda shi muka san sunansa tun muna firamare. Masu shirya gwajin sun san da haka, shi ya sa sukan riƙa canja zubi barkatai su ɗauke maka hankali, alhali dokar tana zaune a fenti. Ka je wurin tela a Alabar ana gobe Sallah, kaya jibge a kan tebur, ka ce ya ware maka. Yana iya warewa ta ɗinki, kaftani gefe, babbar riga gefe. Yana kuma iya warewa ta yadi, shadda gefe, boyel gefe, bai kula da ɗinkin ba. Warewa ta biyun ita ake so ka koya wa idonka.

Ga yadda za ka yi. Da ka buɗe tambaya, bi siffofin daga hagu zuwa dama kana karanta fentinsu kaɗai a ranka: baƙi, fari, ratsi, baƙi, fari. Kada ka ambaci da'ira ko murabba'i a wannan zagayen. Idan zanen ya cika da tarkace, ka ɗan ƙanƙance ido har layukan gefe su dushe, sai duhu da haske kawai su rage. Daƙiƙa biyar sun isa. Bayan nan ka sake zagayawa don zubi, da girma, da yawa.

Na biyu, kowane fenti ya sami sunansa

Abin da ba ka sa masa suna ba, ba za ka iya riƙe shi a ka ba. Ire-iren fentin da ke yawo a waɗannan gwaje-gwaje ba su da yawa: baƙi ƙirin, fari fat, toka-toka, ɗige-ɗige, ratsi, raga-raga inda layuka suka gitta juna, da gida-gida inda baƙi da fari ke karɓa-karɓa. Ratsi shi ne mai 'ya'ya. Akwai na tsaye, akwai na kwance, akwai wanda ya jirkice kansa ya nufi dama, akwai wanda ya nufi hagu. Wanda ya ce "mai ratsi" ya yi shiru ya haɗa abu huɗu a suna ɗaya, kuma mai shirya tambayar yana nan yana jiransa a daidai wurin. Wani lokaci ma kaurin layin ko tazarar da ke tsakanin layukan ita ce bambancin, haka nan ɗigo manya da ƙanana.

Fari kuma fenti ne, a lissafa shi. Mutane da dama suna kallon farar siffa kamar wadda aka manta ba a cika ba, sai su ƙirga baƙaƙe su tsallake farare, alhali dokar tana iya zama cewa a kowane akwati farare sun fi baƙaƙe da ɗaya.

Idan an yarda ka riƙe takardar gwaji da fensir, ƙirƙiro wa kanka gajerun alamomi tun a gida: B don baƙi, F don fari, T don toka, ɗigo uku don ɗige-ɗige, ratsi kuwa ka ja layi ɗaya yadda ya kwanta. A 1990 wasu masana uku a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Carpenter da Just da Shell, sun bi diddigin yadda ɗalibai ke warware gwajin Raven mai wuya. Sun gano cewa dokoki iri biyar ne ke tafiyar da mafi yawan tambayoyin, kuma babban abin da ke raba gwani da wanda ya kasa shi ne iya riƙe dokoki da yawa a ka lokaci guda ba tare da ɗaya ta zube ba. To abin da kai zai zubar, takarda za ta riƙe maka.

Wani abu da ya shafe mu a nan musamman: yawancin takardun gwaji da ke yawo a hannun yara hoton hoto ne, an buga a Tek Jankshan, wani ya ara ya sake bugawa a Aboabo, har toka-toka ta koma fari ko ta rine ta zama baƙi, ɗige-ɗige kuma su haɗe su zama dabbare. Idan kana gwaji da irin wannan takarda ka ga tambaya ta ƙi fita ta kowace hanya, duba ingancin bugun kafin ka zargi kanka.

Na uku, tambayoyi huɗu a jere

Da ka gama sa suna, sai ka yi wa fentin tambayoyi huɗu, daga mai arha zuwa mai tsada. Kada ka tsallaka zuwa ta huɗu ba ka sallami ta farko ba, don masu kaifin kai sun fi kowa faɗawa wannan rami: suna neman doka mai sarƙaƙiya alhali amsar tana bakin ƙofa.

Ta farko, wane iri ne? Huɗu masu ɗigo, ɗaya mai raga. Ko huɗu ratsinsu ya nufi dama, ɗaya hagu. Idan ita ce, ka gama, wuce.

Ta biyu, nawa ne? Ƙirga siffofin da aka cika a kowane akwati, ka ƙirga waɗanda aka bari. Idan siffa ɗaya ce aka yanka gida-gida, to kason da aka cika ake nema. Misali, an ba ka da'ira mai yanki 8 an baƙanta 4, murabba'i mai yanki 4 an baƙanta 2, doguwar siffa mai yanki 6 an baƙanta 3, wata da'irar mai yanki 2 an baƙanta 1, sai mai kusurwa shida mai yanki 6 an baƙanta 2. Huɗun farko duk rabi ne. Ta ƙarshe ɗaya bisa uku ce, ita ce bare. Wanda ya tsaya ga ƙirga baƙaƙen yankuna kawai zai ga 4, 2, 3, 1, 2 ya rasa inda zai kama. Sai dai a kula, kaso yana aiki ne idan yankunan girmansu ɗaya. A raba murabba'i biyu, a sake raba rabi ɗaya biyu, yankuna sun zama uku ke nan. Idan aka baƙanta ƙarami ɗaya, rubu'i aka cika, ko da yake yanki ɗaya ne cikin uku. A irin wannan sai ka ƙarasa yankan da kanka a zuci har gidajen su yi daidai, sannan ka ƙirga.

Ta uku, a ina yake? Sama ko ƙasa, dama ko hagu, siffar ciki ko ta waje, babba ko ƙarama, ko kuwa wurin da siffofi biyu suka hau juna. Nan ne wurin da ya fi cin mutane, saboda juyi. Ɗauki kibau biyar, kowace ta nufi wani gefe daban, an tsaga kowace biyu daga tsini zuwa gindi, an baƙanta ɓari ɗaya. A ido duk iri ɗaya ne. Na ga wata ɗaliba a darasin yamma ta ɗago kai ta ce, "Malam, ai babu bare a nan, duk rabi baƙi rabi fari ne." Malamin ya ce, "'Yata, juya takardar har kibiyar farko ta kalli sama, ki gaya mini ɓarin da ke baƙi." Ta ce dama. Ya sa ta yi haka ga sauran. Huɗu dama, ɗaya hagu. Waccan ɗayar ba juya ta aka yi ba, kife ta aka yi kamar a madubi, kuma duk yadda ka juya ta a kan takarda ba za ta taɓa hawa kan 'yan'uwanta ba. Kama da wane ba wane ba ne. Dabarar ita ce ka zaɓi abu ɗaya a jikin siffar, tsini ko lanƙwasa ko ɗan ɗigo, ka mai da shi sama a kowace, sannan ka tambayi inda fentin ya faɗa. A kwamfuta ba ka da takardar juyawa, sai ka ɗauka kai ne kake tafiya inda kibiyar ta nufa, ka ce baƙin yana hannun damana ko na hagu.

Ratsi ma yana da nasa hali wajen juyi, kuma ya kamata a haddace shi. Ratsin tsaye idan aka juya siffar digiri 90 ya koma na kwance. Idan aka juya digiri 45 ta inda hannun agogo ke bi, ya koma mai jirkicewa dama. Mai jirkicewa dama idan aka juya shi digiri 90 ya koma hagu, amma a digiri 180 yana nan yadda yake, kamar ba a taɓa shi ba. Madubi kuwa yana mai da na dama hagu. Akwai kuma tambayoyin da siffar ke juyawa ratsin cikinta na tsaye wuri ɗaya, ko ratsin na juyawa siffar na zaune. Saboda haka ka bi kowanne da idonsa daban.

Ta huɗu ita ce mai tsada: da me fentin ya danganta? Wato fentin ba shi kaɗai yake tafiya ba, wani abu ne ke jan sa. Idan siffar babba ce baƙa, idan ƙarama ce fara. Idan kibiya ta kalli sama da'irar kusa da ita tana da ɗigo, idan ta kalli ƙasa tana da ratsi. Idan siffofi biyu masu zubi ɗaya suka hau juna mahaɗarsu baƙa ce, idan zubinsu ya bambanta fara. Wannan tana buƙatar misali a zaune.

Misalin rukuni biyu

Wannan salo na akwatuna shida a hagu, shida a dama, ya shahara ne ta hannun Mikhail Bongard, masanin kwamfuta na Tarayyar Sobiyet, wanda ya wallafa matsaloli 100 irinsa a 1967 yana binciken yadda na'ura za ta koyi gane siffofi. Ɗaya daga cikin na farko-farkonsa ma fenti ne zalla: gefe guda siffofin da aka zana gefensu kawai aka bar cikin wayam, ɗaya gefen waɗanda aka cike. Na gwajin aiki sukan fi wannan murɗewa.

A taƙaice mu ɗauki akwatuna huɗu a hagu, uku a dama. A ce a hagu akwatin farko yana da baƙin murabba'i da farar alwatika. Na biyu farar siffa mai kusurwa biyar ita kaɗai. Na uku baƙar mai kusurwa shida da fararen alwatika biyu. Na huɗu farar kibiya da baƙin gicciye. A dama kuwa akwatin farko farin murabba'i da baƙar alwatika, na biyu baƙar mai kusurwa biyar da farar mai kusurwa shida, na uku baƙar kibiya ita kaɗai. Sai a nuna maka baƙin tauraro mai tsini biyar a ce ina zai shiga.

Bi tambayoyin. Iri: baƙi da fari suna kowane gefe, babu amsa nan. Yawa: akwatin farko na hagu baƙi ɗaya fari ɗaya, na farkon dama ma haka, to ƙirga ba ta raba su ba. Wuri: a warwatse suke. Saura dangantaka. Hanyar da ta fi sauri ita ce ka nemo zubi ɗaya da ya bayyana a gefe biyun ka kwatanta. Murabba'i baƙi ne a hagu, fari a dama. Alwatika fara ce a hagu, baƙa a dama. Ka kuma leƙa akwatin da ya fi kowanne ƙarancin kaya, don doka ba ta da wurin ɓuya a cikinsa: mai kusurwa biyar fara ce a hagu. To me ya haɗa alwatika da mai kusurwa biyar, ya raba su da murabba'i da mai kusurwa shida? Gefe 3 da 5 ba sa rabuwa biyu daidai, 4 da 6 suna rabuwa. Doka ta fito: a hagu mai gefen da ke rabuwa biyu baƙa ce, wadda ba ta rabuwa fara, a dama akasin haka.

Kada ka tsaya nan. Gwada ta a sauran. Kibiyar da aka saba zanawa mai kauri gefenta 7, fara ce a hagu, baƙa a dama, ta yi daidai. Gicciye gefensa 12, baƙi a hagu, ya yi daidai. Yanzu tauraro. Mai gaggawa zai ƙirga tsini biyar ya tura shi dama. Gefen tauraro mai tsini biyar kuwa 10 ne, kuma baƙi ne, saboda haka hagu zai shiga. Waɗannan lambobi uku, 7 da 10 da 12, ka riƙe su a ka don kada ka ɓata lokacin ƙirga.

Sharaɗin doka guda ne, kuma ba a sassauta shi: ta hau kan kowane akwati na rukuninta, ta kuma ƙi hawa kan ko ɗaya na ɗaya rukunin. Dokar da ta ci biyar ta kasa ɗaya, jefar da ita, ko ka nemi abin da ya rage mata. Zuciya takan so ta ce wataƙila kuskuren bugu ne. Ba kasafai ba. Wasu gwaje-gwajen kuma suna da zaɓi na uku, cewa siffar ba ta shiga ko'ina. A misalinmu, akwati mai baƙin murabba'i da baƙar alwatika tare ya karya dokar hagu ya karya ta dama.

Gida tara, jeri da ɗori

A tambayar gida tara, layi uku sahu uku, gidan ƙarshe a buɗe, dokar fenti da ta fi yawan fitowa ita ce rabon uku: kowane fenti sau ɗaya a kowane layi. Layin farko baƙar da'ira, murabba'i mai ratsi, farar alwatika. Na biyu farin murabba'i, baƙar alwatika, da'ira mai ratsi. Na uku alwatika mai ratsi, farar da'ira, sai gurbi. Zubin da ya rage murabba'i, fentin da ya rage baƙi. Duba daga sama zuwa ƙasa ka tabbatar: farar alwatika, da'ira mai ratsi, baƙin murabba'i, babu maimaici. Wannan da ka saba ba ya cin daƙiƙa goma.

Ɗori ya fi shi wuya. Nan gida na uku shi ne abin da ke fitowa idan aka ɗora na farko a kan na biyu. A ce kowane murabba'i an raba shi huɗu. A na farko an baƙanta gidajen sama biyu. A na biyu an baƙanta gidajen dama biyu. Gidan sama na dama ke nan baƙi ne a duka biyun. Idan dokar tarawa ce, na uku zai fito da baƙi uku, ƙasan hagu kaɗai fari. Idan dokar ita ce baƙi kan baƙi ya goge, sai saman hagu da ƙasan dama kawai su rage. Idan kuma abin da suka yi tarayya a kai ake ajiyewa, saman dama kaɗai zai zama baƙi. Ba a cankar wace ce. Layuka biyun da aka cika maka su za su gaya maka, kuma wurin dubawa shi ne gidan da baƙi ya haɗu da baƙi, sai wanda fari ya haɗu da fari, don akwai masu sa fari kan fari ya haifi baƙi. Rubuta sakamako huɗun a gefe, baƙi da baƙi, baƙi da fari, fari da baƙi, fari da fari, sannan ka bi layin ƙarshe gida-gida.

A jeri kuwa fentin tafiya yake yi. Sa wa yankunan lamba, shi ne maganin. Da'ira mai yanki 8, ka fara 1 daga sama ka bi hannun agogo. Baƙin yanki yana 1, a hoto na biyu yana 2, sai 4, sai 7. Tsallensa ɗaya, biyu, uku, na gaba huɗu ke nan: 7 da 4 sun ba da 11, a cire 8, zai sauka a 3. A cikin da'irar akwai kuma yanki mai ɗigo da ya fara a 6, ya koma 5, a hoto na uku ya ɓace, a na huɗu ya fito a 3. Bai ɓace ba. Yana ja da baya ɗaya-ɗaya, a hoto na uku ya iso 4 daidai lokacin da baƙin ya iso, baƙin ya rufe shi. A hoto na biyar zai kasance a 2. Duk sanda wani fenti ya ɓace na hoto ɗaya ya dawo, fara zargin an hau kansa ne.

Akwai kuma masu haruffa, sun fi yawa a gwajin yara. Baƙar da'ira KT, farar da'ira KM, baƙin murabba'i RT. Harafin da ya maimaitu ka nemi abin da siffofinsa suka haɗa: K da'ira, T baƙi. Farin murabba'i RM ke nan.

Kafin ka kalli zaɓin amsa

Ka gina amsarka a ka tukuna, ka ce murabba'i nake nema, baƙi, sannan ka sauke ido kan zaɓin. Ba a zuba amsoshin banza haka kawai. Ɗaya zubinta daidai fentinta kuskure, ɗaya fentinta daidai amma an kife ta, ɗaya kwafin hoton da ya gabata ce. Wanda ya fara da kallonsu kowace sai ta yi masa kama da gaskiya. Idan dokar ba ta fito maka gaba ɗaya ba, yi amfani da rabin da ka samu. Ka tabbata fentin ratsi ne na kwance? Soke duk wadda ba haka ba. Sau da yawa biyu za su rage, bambancin da ke tsakanin biyun nan kuma shi zai nuna maka abin da ya kamata ka koma ka duba a tambayar.

Gwaji a gida da ranar zama

Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti ashirin kullum na 'yan makonni ya fi kwana guda cur ana gobe jarrabawa. Hanyar da na fi yarda da ita, wadda kuma ba ta cin ko sidi ɗaya bayan kuɗin littafin lissafi mai gida-gida, ita ce ka riƙa ƙirƙirar tambayoyin da kanka. Zaɓi doka, zana akwatuna shida da suka bi ta, shida da suka saɓa, ka cusa abubuwan ɗauke hankali, ka miƙa wa abokinka a bes, wato majalisar hirar samari, ana jiran ataya ta nuna, shi ma ya ba ka tasa. Wanda ya taɓa ɓoye doka da hannunsa ya san inda ake ɓoye ta. Idan abokin ya samo wata doka daban da ta hau kan akwatunanka duka, tambayarka ce ke da rami, gyara ta. Duk tambayar da ka faɗi kuma, rubuta a bayan littafin wace cikin huɗun nan ce ta kayar da kai, iri ko yawa ko wuri ko dangantaka. Bayan mako biyu za ka ga ɗaya ta fi maimaituwa, sai ka ba ta ƙarfi.

Ranar zama, raba lokacin tun kafin ka fara. Idan tambaya 30 ce a minti 20, kowace daƙiƙa 40 ke gare ta. Wadda ta ninka haka ba ta buɗe ba, sa mata alama ka wuce idan tsarin ya yarda a dawo baya. Idan ta intanet za a yi, nemi kwamfuta mai faɗin fuska ko da a kafe ne, don a fuskar waya ratsi siriri da toka-toka sukan zama abu ɗaya. Ƙara hasken fuskar, kashe abin da ke sa ta ja-ja da dare, ka cika batir saboda ɗaukewar wuta. Karanta umarnin farko da kyau ka ga ko ana rage maki a kan amsar kuskure. Idan ba a ragewa, kada ka bar gurbi ko ɗaya, soke abin da ka iya sokewa ka zaɓa cikin sauran. Idan ana ragewa, canki kawai inda zaɓin ya ragu zuwa biyu.